Shirya Tsohuwar Mage Mai Ciwon Suga Domin Tiyatar Cire Haƙori: Bitar Hujjoji da Tsarin Aiki

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin abin da aka wallafa game da sa wa tsofaffin maguna masu ciwon suga maganin barci domin cire haƙori. Matsayinta shi ne kuskure ne a jira sai suga ya daidaita tsaf kafin a taɓa bakin, domin kumburin bakin yana cikin abubuwan da ke hana insulin aiki. Abin nema shi ne mage mai cin abinci, wadda babu kiton a jininta, wadda aka san halin ƙodarta da zuciyarta. A ranar tiyata kuwa, faɗuwar suga ce abin tsoro fiye da hawansa.

Gabatarwa

Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin dabbobi na Amurka, AAHA da AAFP, suka fitar a 2021 ta ɗauki magen da ta haura shekara 10 a matsayin tsohuwa. A wannan zango ne cututtuka biyu ke yawan haɗuwa a jiki ɗaya. Binciken O'Neill da abokan aikinsa na 2016 a Ingila ya sami ciwon suga a kashi 0.58 cikin ɗari na magunan da ake kaiwa asibiti, kuma ya fi kama masu nauyin jiki. Cuta ta biyu a baki take. Babbar mage tana da haƙora 30, kuma ban da ciwon dasashi akwai zaizayewar haƙori, inda ƙwayoyin jikinta ke cinye haƙorin tun daga saiwa ko wuyansa.

Mage gwanar ɓoye ciwo ce. Za ta nufi kwano da yunwa, ta ɗauki loma, ta karkata kai tana tauna da gefe ɗaya, abincin ya faɗo, ta ja da baya tana kallonsa. Mai ita sai ya ce tsufa ne. A jikin da ake yi wa allurar insulin sau biyu a rana, wannan ja da baya ba ƙaramin abu ba ne, domin allurar tana aiki ko an ci ko ba a ci ba.

Hanyar Bincike

An nazarci ƙa'idojin AAFP na 2018 da na AAHA na 2020 kan sa barci, da manyan binciken da aka yi kan mace-macen da ke biyo bayansa, da rahotannin illolin da suka keɓanci aikin haƙori a maguna.

Girman haɗarin

Brodbelt da abokan aikinsa sun bi maguna fiye da 79,000 a Birtaniya tsakanin 2002 da 2004. Mage ɗaya cikin 419 ta mutu sanadin maganin barci. A masu lafiya ɗaya ce cikin 895, a marasa lafiya kuwa ɗaya cikin 71. Waɗanda suka haura shekara 12 haɗarinsu ya kai kusan ninki biyu. Abin da ya fi jan hankali shi ne yawancin mace-macen bayan an gama aikin suka faru, galibi a sa'o'i ukun farko. Ya kamata mai mage ya ji waɗannan alƙaluma kafin ya sa hannu, ya kuma ji cewa barin ruɓaɓɓen haƙori yana da nasa haɗarin, wanda ke cin jiki kullum.

Makonni biyu kafin tiyata

Awon suga guda ɗaya a asibiti ba ya faɗar gaskiya, domin firgici da kokawa kaɗai suna ɗaga sugan mage sosai. An fi dogara da awon furuktosamin, mai nuna matsakaicin sugan mako ɗaya zuwa biyu da suka wuce, da awon gida daga gefen kunne, ko na'urar da ake mannawa a fata irin FreeStyle Libre. Sai dai idan ƙullin tairod yana aiki fiye da kima, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin maguna, furuktosamin yana sauka ya ba da hoton lafiyar da babu ita. Saboda haka a auna tairod tare da shi.

Ƙoda ma tana iya yaudara. Kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, tsohuwar magen da ta rame kuwa ba ta da tsokar kirki, don haka awon zai iya fitowa daidai alhali ƙodar ta gaji. A haɗa shi da SDMA da kaurin fitsari, a duba fotasiyom wanda yakan ragu a masu ciwon suga, a auna bugun jini. Idan an ji baƙon sauti a zuciya, a yi hotonta kafin a sa rana, domin kaurin bangon zuciya yana canja yawan ruwan da za a iya ƙara mata.

Idan suga ya ƙi sauka duk da yawan insulin, kada a ɗora wa baki laifin duka. Niessen da abokan aikinsa sun ruwaito a 2015 cewa kusan ɗaya cikin huɗu na maguna masu ciwon suga da suka auna a Birtaniya suna da yawan sinadarin girma, wanda ƙari a ƙullin fituwitari ke jawowa. Irin waɗannan naman maƙogwaronsu yakan yi kauri, sa bututun numfashi ya yi wuya. Haka kuma a tambayi mai ita ko an taɓa yi mata allurar sitiroid mai daɗewa don kumburin baki, domin ita kanta tana tayar da ciwon suga.

Abin da ke sa a ɗage tiyata shi ne kiton a jini, ko bushewar jiki, ko amai, ko ƙin abinci gaba ɗaya. Suga da ya ɗan hau a jikin mage mai ci da sha ba dalilin ɗagewa ba ne. A ganina nan ne ake yawan cutar da waɗannan dabbobi: ana ta ƙara insulin wata da watanni ana jiran adadi mai kyau, tushen kumburin kuwa yana zaune a muƙamuƙi.

Akwai sabon rukuni da ke buƙatar kulawa ta dabam. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da Bexacat a 2022 da Senvelgo a 2023, magungunan sha masu zubar da suga ta fitsari. Magen da ke shan su tana iya tara kiton har jini ya yi tsami alhali sugan yana nuna daidai. A auna mata kiton kai tsaye, a kuma tsara dakatar da maganin a kwanakin da cin abinci zai ragu.

Safiyar tiyata

Tsohuwar al'adar hana abinci tun daren jiya ba ta dace da mai ciwon suga ba. Ƙa'idar AAHA ta 2020 ta ba da shawarar rabin abinci mai laushi da rabin adadin insulin sa'o'i 2 zuwa 4 kafin sa barci, kuma ita ce za a fara yi wa aiki a ranar, don ta farfaɗo ta ci da wuri. Awon safiya ne alƙali: idan sugan ya riga ya yi ƙasa, ba a yin allurar. Gabafentin a gida kamar minti 90 kafin tafiya yana rage firgici, amma a rage shi ga mai ciwon ƙoda, domin ta nan yake fita. Marofitan yana hana amai.

Zailazin da danginsa irin su desmedetomidin suna danne fitar insulin, su ɗaga suga, su ƙara yawan fitsari. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin haɗin zailazin da ketamin ne aka fi samu a asibitocin dabbobi da dama a Nijeriya. Ga wannan majinyaciya, gara maganin zafi irin bufirenofin ko metadon, sannan furofofol ko alfaksalon kaɗan-kaɗan, a riƙe ta da iskar isofuloren.

A kan tebur

Barci yana rufe alamomin faɗuwar suga. Babu rawar jiki, babu tangaɗi, ƙwaƙwalwa tana lalacewa shiru. Don haka a auna duk minti 30, a riƙe shi tsakanin 150 da 250 mg/dL, a ƙara gulukos na kashi 2.5 zuwa 5 a ruwan idan ya gangaro. Ruwan kansa mililita 3 ne ga kowane kilo a sa'a, ƙasa da na kare. A sa ido kan bugun jini da ɗumin jiki, domin ruwan wanke baki yana sanyaya ramammiyar mage cikin ɗan lokaci.

Illoli biyu sun keɓanci wannan aiki. Ta farko ita ce makanta: jinin ƙwaƙwalwar mage da idonta ta jijiyar muƙamuƙin sama yake bi, kuma wangale baki da ƙarfe mai sifirin yana matse ta. Stiles da abokan aikinta sun ruwaito a 2012 maguna 20 da suka farka a makance, 16 daga ciki an tokare musu baki. Guntun murfin allura da aka yanke ya isa a tokare bakin da shi, a riƙa sassautawa. Ta biyu ita ce tsagewar bututun iska idan aka cika kumbura balan-balan ɗin bututun numfashi, ko aka juya magen ba tare da an cire ta daga inji ba.

Hoton eksire na baki duka shi ke nuna irin zaizayewar. Inda saiwa take nan da jijiyoyin da ke riƙe ta, dole a fitar da ita duka. Inda ta narke ta zama ƙashi, ana yanke kan haƙorin a ɗinke dasashi, aikin ya gajarta. Allurar kashe jijiya da bufibaken tana rage yawan iskar barcin da ake buƙata, amma a lissafa jimillarta bisa nauyi, a kuma tuna ramin jijiyar da ke ƙarƙashin ido gajere ne ƙwarai, allura na iya kaiwa ga ƙwayar idon. Idan aikin ya yi tsawo magen ta fara sanyi, raba shi gida biyu ya fi dagewa.

Bayan farfaɗowa

Sa'o'i ukun nan na farko a yi su da mutum a gefenta, da abin ɗumama jiki, da awon suga. Da zarar ta iya haɗiya a ba ta abinci mai laushi mai ɗan ɗumi, kuma adadin allurar yamma ya bi abin da ta ci. Ba a ba ta maganin zafi meloksikam sai an tabbatar ƙoda da bugun jini lafiya suke.

A makonni biyu zuwa huɗu masu zuwa, yayin da kumburin ke lafawa, buƙatar insulin tana iya raguwa, wasu magunan ma ciwon yakan kwanta su daina buƙatarsa. Adadin da ya dace kafin tiyata zai iya yin yawa a yanzu. A sallami mai ita da jadawalin awo a gida da ranar dawowa, a kuma nuna masa alamomin: kasala, tangaɗi, buɗewar ƙwayar ido, farfaɗiya. Idan ya gan su, ya shafa mata zuma a dasashi, kada ya ɗura mata komai a maƙogwaro, ya tsallake allurar da ke tafe, ya kawo ta asibiti nan take.