Kiwon Ƙananan Kifayen Ado a Gidajen Rufa'a: Nazarin Zafi, Ruwa da Zaɓin Iri

Tsakure

Maƙalar ta auna buƙatun neon tetra, ɗaya daga cikin ƙananan kifayen ado da suka fi yaɗuwa a duniya, da yanayin Rufa'a da ƙauyukan Hausawa na gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan. An gwama abin da masana suka tabbatar game da zafi, oksijin da gubar amoniya da halin ruwan yankin. An gano cewa kifin bai dace da gidan da wutarsa ba ta tsayawa ba, kuma akwai irin da suka fi shi cancanta.

1.0 Gabatarwa

Rufa'a tana gabashin Shuɗin Nilu, tana fuskantar Hasahisa. Hausawa sun daɗe a wannan gaɓa, tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya yi gabas da jama'arsa suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Madatsar Sinnar ta 1925 da noman audugar Jazira suka ƙara jawo wasu. Su yana cikin sana'o'in da aka san su da su, amma sanin kifin kasuwa da na tukunya daban yake da riƙon kifi a akwatin gilashi.

2.0 Kifin da Muhallinsa

Neon tetra, wato Paracheirodon innesi, masani George Myers ne ya bayyana shi a 1936. Asalinsa ƙoramun dajin Amazon ne, masu inuwa da ruwa mai ɗan tsami. Tsawonsa bai wuce santimita 4 ba, da zane shuɗi mai ƙyalli da ja a gefe. A garke yake yawo. In ba su kai shida ba sai su yi ta ɓuya, launinsu ya dushe. Zafin da yake so daga digiri 20 ne zuwa 26.

A nan gizo ke saƙar. A Afrilu da Mayu zafin Jazira yakan haura digiri 40, kuma ƙaramin akwati ba ya jimawa yake ɗaukar zafin ɗaki. A digiri 25 lita guda ta ruwa tana riƙe kimanin miligiram 8.3 na oksijin. A digiri 35 sai ya sauko kusan 7, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarsa.

Abin da ya fi wannan haɗari, kuma masu kiwo suka fi sakaci da shi, amoniya ce da ke fita daga kifin da ruɓaɓɓen abinci. Ba dukkanta ke kisa ba. A digiri 25, in ma'aunin pH yana 7, kason mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. In pH ya kai 8 sai kason ya haura kashi 5, ya wuce 7 a digiri 30. Ruwan Shuɗin Nilu kuwa ya karkata ga ɓangaren kanwa. Bakteriyar da ke cinye gubar tana zaune cikin mataci, tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ta kafu, kuma sai ruwa yana gudana take samun iska. Idan wuta ta ɗauke ta daɗe, famfo ya tsaya, aikinta ya tsaya. Lalacewar wutar Jazira tun da yaƙi ya shigo jihar a Disamba 2023 ta ƙara wa wannan hujja nauyi.

Ajiye ruwan da za a canja wa akwatin a randa yana sanyaya shi, yana kuma kwantar da lakar da kogin ke kwasowa daga tsaunukan Habasha tsakanin Yuli da Satumba. Sai dai a zuba kaɗan-kaɗan, don sanyin farat ɗaya shi ma illa ne.

3.0 Madadi

Jazira ba baƙuwar ƙananan kifaye ba ce. An saki Gambusia affinis, ɗan kudancin ƙasar Amurka, a magudanan banruwa don ya ci tsutsar sauro, aka kuma nazarci abincinsa a zamanin Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu da aka fara a 1979. Yana jure zafi ƙwarai, amma ba shi da launi, yana cizon fiffiken abokan zama, yana cin ƙwan wasu kifaye. Ba na ganin hikimar sa shi a falo.

Gufi, Poecilia reticulata, ya fi: ga launi, ga son ruwa mai ɗan kanwa, kuma haihuwa yake yi ba ƙwai ba. Sharaɗinsa kada a zubar da rararsa a magudana.

Ga mai son garke na haƙiƙa, amsar tana cikin kogin. Dangin kawara 'yan'uwan tetra ne a rabe-raben masana. Brycinus nurse mai jar wutsiya yana girma har ya fi ƙarfin ƙaramin akwati, amma irin Micralestes ba su kai santimita 10 ba, kuma ruwan Nilu da zafinsa gadonsu ne. Masunta na iya kamo su da ƙaramar koma. Suna buƙatar akwati mai tsawo don gudu, da murfi, domin masu tsalle ne.