Sankarar Mama: Daga Rajistar Yamai Zuwa Ƙasar Kurfai

A 1992 aka buɗe rajistar masu ciwon daji ta Nijar a tsangayar likitanci ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. Duk wanda aka tabbatar ya kamu, sai a rubuta shekarunsa da inda cutar ta kama shi. Da aka haɗa lissafin 1992 zuwa 2009, sankarar mama ce ta zo kan gaba a wajen mata, ta bakin mahaifa na biye.

Neman musabbabinta kuwa ya daɗe. Tun 1713 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya lura cutar ta fi yawa ga mata masu hidimar coci, waɗanda ba sa aure. A 1926 Janet Lane-Claypon ta Ingila ta kwatanta mata 500 masu cutar da wasu 500 da ba su da ita, ta gano cewa ƙarancin haihuwa yana ƙara haɗari. Amurka ta fara bin malaman jinya 121,700 a 1976, ana aika musu tambayoyi duk bayan shekara 2. Sai a 2002 aka haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, aka ga kowace haihuwa tana rage haɗarin da kashi 7 cikin 100, shayarwar wata 12 kuma da kashi 4.3.

To, a Nijar, macen ƙasar Kurfai ai ta cika waɗannan sharuɗɗa. Tana haihuwa da wuri, tana goyo akai-akai, yaye sai yaro ya kusa shekara 2. Amma rage haɗari daban, kawar da shi daban, ga kuma gado, wanda aka tabbatar da hannunsa da aka gano ƙwayar gado ta BRCA1 a 1994. Shi ya sa Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka fara nazarin matan Ibadan a 1998, don matan Afirka sukan kamu da ƙarancin shekaru fiye da Turawa.

Tsakanin Filinge ta ƙasar Kurfai da Yamai kilomita 180 ne ko kusa da haka. Wadda ta ji ƙullutu a mama ta ɗauka sammu ne, ta zauna gida tana shafa magani har rai ya yi halinsa, ba ta cikin lissafin kowa. Sashen gashin daji na farko a ƙasar ma sai a 2021 aka buɗe shi, a Yamai. Ya kamata hukumomin lafiya na jihar Tilaberi su fara rubuta kowace mai wannan cuta tun daga likitar Filinge.