Gudun Fanfalaki na Boston: Yadda Samun Gurbi Ya Zama Jan Aiki



Wasu daga cikin matasanmu da muke haɗuwa a filin shaƙatawa na Bukit Jalil bayan sallar asuba sun sha tambayata yadda ake shiga manyan gasannin gudun fanfalaki, musamman ta Boston. Na ga ya dace in tattara bayanin wuri guda, domin kada mutum ya yi shekara yana atisaye bisa lissafin da ba daidai ba.

Asalin gasar

Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne. An fara gasar Boston a Amurka a 1897, kuma ita ce mafi daɗewa cikin waɗanda ake yi duk shekara. Ƙungiyar Boston Athletic Association ke shirya ta ranar Litinin ta uku a watan Afrilu. Tun 1970 aka sa sharaɗin cewa sai mutum ya nuna ya taɓa kammala gudu cikin ƙayyadadden lokaci kafin a karɓe shi. Boston na cikin manyan gasanni bakwai na duniya, tare da Landan, Berlin, Chicago, New York, Tokyo da Sydney, wadda aka ƙara a 2025.

Lokacin da ake buƙata

Sharaɗin ya danganta da shekaru da jinsi, kuma shekarun mutum a ranar gasar ake dubawa. Daga gasar 2026 an rage minti 5 ga duk wanda bai kai shekara 60 ba. Namiji mai shekara 18 zuwa 34 sai ya kammala cikin awa 2 da minti 55, wato kusan minti 4 da daƙiƙa 9 a kowace kilomita. Mace mai waɗannan shekaru kuma awa 3 da minti 25.

Inda gizo ke saƙa

Cika sharaɗin dama ce kawai ta neman gurbi. Masu gudun ba sa wuce kusan 30,000, kuma wani kaso na guraben na masu tara kuɗin agaji ne da baƙin masu shirya gasar. Idan masu nema sun yi yawa, sai a fara ɗauka daga waɗanda suka fi zarce sharaɗin rukuninsu, har gurabe su cika.

Wannan tsari ya samo asali ne daga watan Oktoban 2010, lokacin da rajistar gasar 2011 ta cika cikin kusan awa 8. A gasar 2024 sai wanda ya zarce sharaɗin da minti 5 da daƙiƙa 29 aka ɗauka, aka bar sama da mutum 11,000. A ta 2025 mutum sama da 36,000 suka nema, ratar ta kai minti 6 da daƙiƙa 51, aka bar sama da 12,000. Dukansu sun cika sharaɗi. Wannan ne ya sa aka ƙara tsananta lokacin.

Landan kuwa yawancin jama'a ta hanyar ƙuri'a suke neman gurbi. Mutum 578,374 suka nema a gasar 2024, sai 840,318 a ta 2025, sannan sama da miliyan ɗaya a ta 2026.

Mu da ke Malesiya

Unguwarmu tana da tarihi a harkar wasanni. An gina babban filin wasa na Bukit Jalil domin gasar Commonwealth ta 1998, wadda Thabiso Moqhali ɗan Lesotho ya lashe gudun fanfalakin maza. Najeriya ba ta halarci waccan gasa ba saboda an dakatar da ita daga ƙungiyar tun 1995.

Babbar gasar da ke kusa da mu ita ce Kuala Lumpur Standard Chartered Marathon, wadda aka fara a 2009. Ana tashi tun kafin asuba saboda zafi, amma duk da haka iska mai laima tana hana gumi bushewa, jiki ya kasa hucewa, gudu ya ragu. Shi ya sa masu neman lokaci mai kyau sukan tafi gasannin wurare masu sanyi, kamar Gold Coast ta Ostireliya a watan Yuli. A tuna kuma an soke gasar Kuala Lumpur ta 2015 saboda hayaƙin gobarar daji, don haka kada a dogara da gasa ɗaya tak.

Shawarata

Kafin ka biya kuɗin kowace gasa, ka tabbatar hukumar da Boston ta amince da ita ta auna hanyar, kamar AIMS ko World Athletics. Cikakken gudu ake karɓa, rabin zango ba ya shiga lissafi. Rajista a watan Satumba ake yi, sai ka tsara gudunka ya faɗo cikin wa'adin da suka sanar. Kada ka auna sharaɗin cif-cif. Ni dai ina ba samarinmu shawarar su nemi zarce shi da minti 7 ko fiye. Kuɗin jirgi da masauki da biza kuma wani nauyi ne daban, kuma samun gurbi ba ya ba ka biza.

Wanda bai taɓa gudun ba ya fara da kilomita 10, ya je likita ya duba shi tukuna. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.