Daga Gangar Mai Shela Zuwa Wayar Hannu: Yadda Bahaushe Ke Isar Da Saƙo

'Yan'uwa na Briqueterie da Elig-Edzoa da sauran unguwannin Yawunde.

Mu da aikinmu shi ne rubuta sanarwar dattawa, akwai abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Sai a rubuta sanarwa mai muhimmanci, a karanta ta bayan sallar Juma'a, a tura ta a WhatsApp, amma ranar taro a tarar da masu furfura kaɗai a kan tabarma. Mun saba ɗora wa samari laifi. Da muka waiwayi tarihi, sai muka ga cewa magabatanmu sukan yi wa magana sutura da abin da mai sauraro yake so kafin su aike ta, mu kuwa tsirara muke sakin ta.

A biranen ƙasar Hausa, idan sarki yana da umarni, mai shela ke zagaya gari, kuma sai an kaɗa ganga kunnuwa sun taru kafin ya buɗe baki. A kasuwa ma haka ne. Kalangu kiɗan mahauta ne. Da an ji shi, an san an yi yanka. 'Yar talla kuwa kowace haja da irin muryar da take kiran ta, har matar da ke cikin gida ta gane mai fura daga mai ƙosai ba tare da ta leƙo ba. Fataken Hausawa da suka iso Yawunde tun zamanin Jamusawa sun zo da wannan hikima a cikin kayansu, kuma har yau hayaƙin tukuba da ƙamshin yaji ke janyo mutanen gari zuwa wurin masu soya na Briqueterie.

Makarantar allo ita ce babbar shaida. Malamanmu sun ga haruffan Larabci baƙi ne ga yaro, sai suka raɗa musu sunayen Hausa gwargwadon siffarsu: ba guje, jim saɓe, ɗa mai hannu, nun guda. Ɗigo ma suka kira shi ruwa. Yaro yakan rera babbaƙu, ya wuce farfaru, harafi ya zame masa kamar wani da ya sani a unguwa. Ranar sauka kuma a ƙawata masa allo da zayyana, domin ƙannensa su gani su yi sha'awa. Wasa ma an ɗora masa kaya: tashe na watan azumi yana zolayar gwauro da marowaci da malalaci, a yi dariya, amma wanda abin ya shafa ya ji a jikinsa.

Da boko ya zo, waɗanda suka yi nasara su ne waɗanda suka bi wannan turba. A shekarar 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam na editanta. Sunan kansa talla ne, domin kwabo ɗaya ake sayar da ita: ana gaya wa mai saye cewa abin da zai samu ya fi abin da ya biya. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta Nijeriya ta raɗa wa shirin karatun manya suna Yaƙi da Jahilci, aka mayar da zama a aji jarumtaka, dattijo ya daina jin kunyar riƙe fensir. Motocin majigi suka riƙa shiga ƙauyuka da dare, a kafa farin ƙyalle a fili, wani ya riƙa bayani da Hausa. Fim ɗin Baban Larai darasi ne a kan noman auduga, amma a cikin labari aka naɗe shi.

Talabijin ta gaji wannan. A Kaduna, Usman Baba Pategi ya fito a matsayin Samanja, yana magana da gurɓatacciyar Hausar bariki, mutane na dariya suna fahimtar rayuwar soja. A nan Kamaru, talabijin ta fara a 1985, da Faransanci da Ingilishi, 'ya'yanmu suka tashi a gabanta. Bayan an buɗe tashar Arewa24 a 2014, shirin Daɗin Kowa ya shigo ɗakunanmu ta tauraron ɗan'adam, muka ga yaran da ke amsa mana da Faransanci sun zauna shiru suna bin labari da Hausa.

Wannan shi ne darasin da ya shafe mu. Yaron da ya iya zama awa guda yana kallon wasan kwaikwayo da Hausa bai ƙi harshen ba. Salon da muke yi masa magana ne bai kama shi ba. Mu 'yan tsiraru ne a wannan gari. Makaranta da ofis da allon talla na bakin titi duk da wani harshe suke kiransa, kuma sun ƙware wajen kira. Idan Hausa ta zama harshen faɗa da sanarwar rasuwa kaɗai, jikokinmu za su ajiye ta.

Saboda haka muna roƙon malaman Islamiyya su dawo da kacici-kacici da tatsuniya a ƙarshen darasi. Muna roƙon samarin da suka iya haɗa bidiyo a waya su zo mu zauna: dattawa su ba da magana, su kuma su yi mata sutura, ko da Hausar tasu ta gauraya da Faransanci. Samanja ma da gaurayayyar Hausa ya koyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shiryi zuri'armu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.