Yadda Japan ta halatta girbin lantarki a kan gonaki

A ƙasar Japan, gona ba abin wasa ba ce. Duwatsu da dazuzzuka sun cinye kusan kashi biyu bisa uku na ƙasar, abincin da ake nomawa a gida kuwa bai wuce kimanin kashi 38 cikin ɗari na abin da jama'a ke buƙata ba. Shi ya sa da farantan sola suka zo neman wurin zama, suka iske doka ta riga su shiga gona da shekara sittin.

Tushen maganar yana komawa ne ga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Tsakanin 1946 da 1950, lokacin da sojojin Amurka ke riƙe da ƙasar, gwamnati ta saye filaye daga hannun manyan masu ƙasa, ta sayar wa manoman da ke noma su a haya kan farashi mai rahusa. Don kada filayen su sake suɓucewa, a 1952 aka kafa Dokar Filayen Noma. Daga nan babu mai sayar da gona ko mayar da ita gida ko masana'anta sai da izinin hukuma, kuma kwamitin noma na kowane gari ne ke fara duba takardar. A 1969 aka ƙara wata doka da ta keɓe yankuna mafi albarka, inda samun wannan izini ya zama abu mai matuƙar wuya. Duk da haka gonaki sun yi ta raguwa, daga hekta miliyan 6 a 1961 zuwa kusan miliyan 4.3 a 'yan shekarun nan, manoma na tsufa, 'ya'yansu na tafiya birni.

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima. Aka riƙa kashe sauran tashoshin ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta shiga ƙishirwar wuta. A Yulin 2012 gwamnati ta wajabta wa kamfanonin lantarki sayen wutar sola kan yen 40 kowane kilowat na awa, har tsawon shekara 20. Nan da nan idon masu jari ya koma kan gonaki, domin su ne shimfiɗaɗɗun filaye masu shan rana. Tsohon manomin da shinkafa ba ta biya masa buƙata ya ga samu a ƙofar gida, amma dokar 1952 ta tare hanya.

Mafitar ta fito ne daga wani injiniyan kayan noma mai suna Akira Nagashima. Tun wajen 2004 yake bayyana cewa shuka tana da iyakar hasken da take iya amfani da shi, abin da ya haura wannan ba ya ƙara mata komai. Sai ya ɗaga siraran faranti a kan sanduna masu tsayin kimanin mita 3, da tazara tsakaninsu, yadda inuwarsu ba ta rufe fiye da kusan sulusin fili. Tarakta na wucewa ta ƙarƙashi, ruwan sama na sauka, inuwa na zagayawa tare da rana. A garin Sosa da ke jihar Chiba, filayen da aka yi watsi da su sun koma ba da waken suya a ƙarƙashin irin waɗannan faranti.

A ƙarshen Maris 2013 Ma'aikatar Noma ta amince da wannan tsari, cikin hikima. Gona tana nan a matsayinta na gona, gindin sandunan kawai ake ba wa izinin wucin gadi na shekara 3. Dole tsayi ya kai mita 2, dole a kawo rahoton girbi duk shekara, kuma amfanin gonar kada ya gaza kashi 80 cikin ɗari na abin da ake samu a yankin. Bankuna suka ƙi sakin bashi kan izini mai gajeren wa'adi, saboda haka a 2018 aka tsawaita shi zuwa shekara 10 ga ƙwararrun manoma da masu farfaɗo da matattun filaye. A 2021 aka ɗauke wa matattun filayen sharaɗin kashi 80.

Da ƙofa ta buɗe, masu son banza suka kutso. Wasu suka dasa ganyen da ke jure inuwa don rufe bakin hukuma, suka bar shi cikin ciyawa, suna karɓar kuɗin wuta. Binciken ma'aikatar ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na wuraren yana da matsalar noma. Daga Afrilun 2024 aka shigar da sharuɗɗan cikin ƙa'idojin aiwatar da doka, aka kuma fara dakatar da biyan kuɗin wuta ga masu saɓa musu. A wannan watan ne Faransa ta fitar da nata ma'aunin girbin, inda ta nemi kashi 90.

Abin da ya dace a yaba wa Japan shi ne ma'aunin da ta zaɓa: buhun da aka ɗauko daga gona. Muddin girbi ne ke yanke hukunci, kuɗin wuta zai zama tallafin da ke riƙe manomi a gonarsa, amma hakan na tabbata ne kawai idan kwamitin gari ya taka har gonar ya gani da idonsa.