Yadda Wanda Aka Zalunta Ya Shiga Lissafi

Shekara da shekaru masu nazarin laifuka a Turai ba su da abin kallo sai mai laifi. Cesare Lombroso na Italiya, wanda littafinsa ya fito a 1876, har ƙoƙon kan fursunoni ya riƙa aunawa, yana neman alamar ɓarawo a ƙashi. Wanda aka yi wa sata ko aka ji wa rauni kuwa, nasa ya ba da shaida a kotu ya koma gida. Mu da muka tashi muna jin zancen diyya da ƙisasi, inda magadan mamaci ke da ta cewa, abin zai ɗaure mana kai. Amma a tsarin Turawa shari'ar laifi tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka waiwayo wanda aka zalunta, kuma waiwayen bai zo da tausayi ba. Benjamin Mendelsohn, lauya ɗan Romaniya, ya kasa waɗanda aka cuta gida shida gwargwadon hannun da suke da shi a abin da ya same su. Hans von Hentig, Bajamushen da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya fitar da littafi a 1948 inda ya jera irin mutanen da masu laifi suka fi faɗa wa: yara, mata, tsofaffi, baƙi. A 1958 Marvin Wolfgang ya duba kisan kai 588 da aka yi a Filadelfiya, ya ce a kashi 26 cikin ɗari mamacin ne ya fara ɗaga hannu ko zaro makami.

A faɗan mashaya wannan awo na da ma'ana. Ɓarnar ta zo ne da ɗalibin Wolfgang, Menachem Amir, ya ɗora shi kan fyaɗe. A 1971 ya wallafa bincike kan ƙararraki 646 na birnin, ya ce a kashi 19 cikin ɗari macen ce ta jawo wa kanta. Da me ya auna? Da takardun 'yan sanda, da kuma yadda namijin ya fassara halinta. Wato an bai wa kura alƙalancin akuya. Mata ba su haɗiye ba. A shekarar ne Erin Pizzey ta buɗe gidan da ya zama mafakar matan da mazajensu ke duka a unguwar Chiswick ta Landan, a 1975 kuma littafin Susan Brownmiller kan fyaɗe ya girgiza Amurka. Daga nan tambaya ta fara sauka daga kan tufafin mace ta koma kan ɗan sandan da ya ƙi rubuta ƙararta.

Ana cikin haka wata dabara mai sauƙi ta ɓullo: a bar rajistar caji ofis, a bi gida-gida a tambayi mutane abin da ya same su. Amurka ta mayar da wannan aikin shekara-shekara daga 1973, Ingila ta fara nata a 1982, nan take aka ga laifukan da ba su taɓa isa gaban hukuma ba sun fi waɗanda suka isa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo baya a Nuwamban 1985 da sanarwa kan haƙƙin waɗanda aka zalunta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ko binciken gida-gidan ma yana da kunyarsa. Kusan shekara ashirin masu tambaya a Amurka ba sa furta fyaɗe kai tsaye. Da aka gyara tambayoyin a 1992, aka ambaci abin da sunansa, har da wanda miji ko makusanci ya aikata, sai adadin ya yi tsalle.

Wanda aka damfara ya fi kowa daɗewa a waje. Shi ma ana ce masa kwaɗayinsa ne ya kai shi, shi ma yakan rufe bakinsa gudun dariya. Sai a Oktoban 2015 binciken Ingila da Wales ya sa tambayoyi kan zamba. Sakamakon farko ya nuna damfara sama da miliyan 3 a shekara guda, fiye da kowane irin laifi da ake ƙirgawa, kuma mafi yawan waɗanda aka damfara ba su kai ƙara wurin hukuma ba.