Sauya nozul ɗin mai a tsohuwar mota: Abin da ya kamata a sani kafin a ɗauki sifana

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu mota a biranen Nijeriya sun koma lissafin kowace lita. Ɗaya daga cikin ƙananan sassan da ke iya cinye mai ba tare da mai mota ya ankara ba shi ne nozul, wanda wasu kanikawa ke kira injekta. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, amma idan ya lalace yakan sa inji rawa, ya ƙara shan mai, wani lokaci ya janyo ɓarnar da ta ninka kuɗinsa sau da yawa. A mafi yawan tsofaffin motoci masu silinda 4, sauya shi aiki ne da mai haƙuri zai iya yi a gida. Sai dai wahalar aikin ba a kwance noti take ba. Tana wajen tabbatar da cewa nozul ne ke da laifi, da kuma kiyaye kai daga gobara.

Mene ne nozul, kuma yaya yake aiki?

Nozul ƙofa ce ƙarama da lantarki ke buɗewa. Famfon da ke cikin tanki yana turo fetur da ƙarfi zuwa wani bututun ƙarfe da ke kwance a kan inji, wanda aikinsa raba mai ga silindoji. Daga jikin wannan bututu nozuloli suke sauka, ɗaya ga kowace silinda. A cikin kowane nozul akwai naɗin waya da wata allura da sifirin ke dannewa. Idan kwakwalwar mota ta aika wuta, naɗin ya zama maganaɗisu, ya ɗaga allurar, fetur ya fita a feshe kamar hazo. Buɗewar ba ta wuce wani ɗan kaso cikin dubu na daƙiƙa, kuma da tsawonta ne kwakwalwa ke auna yawan man da zai shiga. Abin da take nema shi ne kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi.

Wannan tsari ya fara yaɗuwa a motocin kasuwa ne daga 1967, lokacin da kamfanin Bosch na Jamus ya sanya tsarinsa na D-Jetronic a Volkswagen 1600. A farkon shekarun 1990 ya riga ya kori kafireto daga sababbin motoci a Amurka da Yammacin Turai. Shi ya sa Peugeot 504 da aka saba haɗawa a Kaduna take da kafireto, amma 406 da ta biyo baya, da Camry, da Corolla, da Accord, da sauran motocin Kwatano na ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000, duk da nozul suke aiki.

Hanyoyi uku da yake lalacewa

Na farko toshewa. Ramukan da mai ke fita ƙanana ne ƙwarai, don haka tsatsar tanki, ko ƙura, ko daskararren dattin mai na iya rage feshin. Silindar sai ta samu mai kaɗan, inji ya riƙa ɗingishi a silo, ya yi nauyi wajen ɗaukar wuta.

Na biyu yoyo. Idan allura ba ta rufe ruf ba, fetur na ci gaba da ɗiga bayan an kashe mota. Alamarsa ita ce wahalar tashi idan inji na da zafi, baƙin hayaƙi daga salansa, fulogi mai baƙin toka, da ƙanshin fetur a jikin baƙin mai. Akwai kuma yoyon waje, idan zoben robar da ke sama ko ƙasan nozul ya bushe ya tsage. Wannan shi ne mafi haɗari, domin man na zuba ne a kan inji mai zafi.

Na uku mutuwar naɗin waya. A nan nozul ba ya buɗewa sam, silindar ta daina aiki gaba ɗaya.

Ingancin mai na da hannu a biyun farko. Man jarka na gefen hanya, da ɗabi'ar tafiya kullum da tanki a ƙasa, da barin filtar mai shekara da shekaru, duk suna kai datti ga nozul. Har yanzu masu mota da dama ba su manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shiga gidajen mai a watan Fabrairun 2022 ba, wanda ya tsayar da motoci a Legas da Abuja.

A tabbatar kafin a saya

Rawar inji ba ta nufin nozul kai tsaye. Fulogi, da kwayil, da wayar fulogi sun fi shi saurin lalacewa, kuma alamarsu iri ɗaya ce. Raunin famfon mai da tsagewar tiyon iska ma suna kawo haka. Wanda ya sayi nozul kafin bincike, sau da yawa yakan sauya lafiyayye ya bar mai ciwon.

Matakin farko shi ne na'urar karanta matsala. Duk motar fetur da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996, da ta Turai daga 2001, tana da soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Lambobin P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da ke tsallake wuta, daga ta 1 zuwa ta 4. Lambobin P0201 zuwa P0204 suna nuna matsala a layin lantarkin nozul ɗin wannan silinda. P0171 na nufin mai ya yi kaɗan, P0172 kuma ya yi yawa.

Idan an gane silindar, sai a musanya kwayil da fuloginta da na maƙwabciyarta. Idan matsalar ta bi su, to nozul ba shi da laifi. Idan ta tsaya a wurinta, sai a saurari nozul ɗin: a ɗora bakin doguwar sukurdireba a jikinsa, a kanga kunne a mariƙinta, inji na silo. Lafiyayye yana ƙas-ƙas-ƙas a jere, matacce kuwa shiru.

Gwaji na gaba da mitar lantarki ake yi, inji a kashe. A cire soket, a auna tsakanin ƙafafun nozul biyu. Mafi yawan nozulolin motocin wannan zamani suna ba da om 12 zuwa 16. Wasu tsofaffi ƙwarai suna ba da 2 zuwa 5. Abin lura shi ne dukkansu su yi kusa da juna. Wanda ya fita daban, ko mita ta nuna babu hanya a cikinsa, shi ne mataccen. Amma mita ba ta ganin toshewa ko yoyo. Waɗannan sai an musanya wurin nozul an ga ko matsalar ta bi shi, ko an kai su wajen masu na'urar gwajin feshi.

Idan fitilar gargaɗin inji tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, alama ce cewa ɗanyen mai na shiga salansa, kuma yana iya narkar da matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke wa laƙabi da indomi. A wannan hali bai kamata a ci gaba da tuƙi ba.

Wankewa ko sauyawa?

Nozul da ya toshe yakan warke da wanki, musamman a na'urar da ke girgiza datti ta kuma auna feshin kowanne. Mai yoyo daga allura, ko mai tsagaggen jiki, ko mataccen naɗi, babu wankin da zai dawo da shi. Dabarar nan ta jona nozul kai tsaye da batir ana fesa masa maganin wanki tana da haɗari biyu: tartsatsi kusa da abu mai kama wuta, da ƙonewar naɗin idan wutar ta daɗe.

Wajen saye, kamannin ido ba su isa ba. Nozuloli biyu na iya zama tagwaye a siffa, amma yawan man da suke zubarwa a minti ya bambanta. Wanda bai dace ba zai sa silinda ɗaya ta sha fiye da sauran ko ƙasa da su. Lambar da ke jikin tsohon ita ce madogara; ta Toyota, alal misali, takan fara da 23250. Gara a tafi da tsohon a hannu, ko Ƙofar Ruwa aka nufa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas. Idan na hannu za a saya, a auna shi da mita a gaban mai shago, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa. Sababbin zoben roba kuwa wajibi ne, kuma na dukkan nozulolin da za a taɓa, ba na guda ɗaya ba. Robar famfon ruwa ba ta jure fetur.

Shiri da kiyaye gobara

A yi aikin a fili mai iska, inji a sanyaye sarai. Turirin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, don haka murhun gawayi, ko risho, ko janareta da ke aiki a ɗaya gefen tsakar gida na iya kunna shi. A nisantar da yara da masu shan taba. A ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda a kusa, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. A tanadi tabarau na kariya, tsummoki masu tsafta, saitin sifana, filaya da tocilan.

Abu mafi muhimmanci shi ne sauke ƙarfin man da ke cikin bututu. Ko mota na kashe, yakan kai kimanin bar 3, wato ya fi iskar da ke cikin taya. A cire fis ko rilen famfon mai, a tayar da inji a bar shi har ya mutu da kansa, a sake juya makulli na daƙiƙu kaɗan. A motocin Toyota da yawa, fis ɗin da aka rubuta wa EFI shi ke ba kwakwalwa wuta, don haka inji ba zai tashi ba idan an cire shi. A nan sai a cire soket ɗin famfon, wanda galibi yake ƙarƙashin kujerar baya. Bayan haka a buɗe murfin tanki, a cire wayar batir mai alamar ragi.

Yadda ake sauyawa

A ɗauki hoton wurin da waya kafin a taɓa komai. A share ƙura da yashin da ke gindin nozuloli, domin duk abin da ya faɗa ramin, cikin silinda zai tafi. A cire soket-soket a hankali. Robarsu ta sha zafi shekaru, tana karyewa da ɗan ƙarfi.

A kwance notunan da ke riƙe da bututun rabon mai, galibi biyu ko uku. A wasu injuna akwai ƙananan robobi masu tauri a ƙarƙashinsa, waɗanda ke saurin faɗuwa su ɓace. Idan sai an raba tiyon mai da bututun, a naɗe mahaɗar da tsumma kafin a sassauta. A ɗaga bututun a miƙe, ana jijjiga shi kaɗan-kaɗan, ba tare da banƙara shi da ƙarfe ba. Da zarar ya fita, a toshe ramukan inji da tsumma mai tsafta.

A zare maƙalin da ke riƙe nozul idan akwai, a murɗa shi a ciro. Ragowar mai zai zubo. A leƙa a tabbatar tsohon zobe bai maƙale a ciki ba. A sa sababbin zobba, a shafa musu ɗigon baƙin mai sabo, ba giris ba. Zoben da aka tura a bushe yana naɗewa ko ya yage, kuma shi ne sanadin yawancin yoyon da ke biyo bayan wannan aiki. A tura nozul cikin bututu ana murɗawa, soket na kallon inda waya take. A cire tsummoki, a daidaita dukkan nozuloli a ramukansu, a danna bututun bai ɗaya. A fara ɗaura notuna da hannu, sannan a ƙarasa da sifana daidai gwargwado, domin zaren alminiyam ba ya jure ƙarfin tsiya. Idan mahaɗar tiyo mai woshar tagulla ce, a sa sabuwa.

Gwajin ƙarshe

A mayar da soket, fis da wayar batir. A murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, ba tare da tayar da inji ba, a jira daƙiƙu kaɗan, a kashe, a maimaita sau uku domin famfo ya cika bututu. Wasu tsofaffin Toyota ba sa tura mai sai sitata ta juya. A duba sama da ƙasan kowane nozul da tocilan da busasshen tsumma. Ko damshi aka gani, kada a tayar. A sake kwancewa. Idan a bushe yake, a tayar, a bar shi a silo mintuna 10 ana kallo, a goge lambobin matsala, a yi gajeriyar tafiya, a sake dubawa. Idan tsohon nozul mai yoyo ne, a sauya baƙin mai, domin fetur ya riga ya tsinka shi. Idan toshewa ce, a sauya filtar mai, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon.

Inda ya kamata a tsaya

Duk wannan bayani ya shafi injunan fetur da ke fesa mai a bakin silinda. A injin V6 da ke kwance a gicciye, irin na wasu Camry da Sienna, nozuloli uku na baya suna ƙarƙashin babban bututun iska, sai an sauke shi an kuma sauya gasket. Injunan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, masu alamar FSI, TSI ko GDI, ƙarfin mansu yana haura bar 100, kuma zobbansu na buƙatar kayan aiki na musamman. Na dizal na zamani sun zarce bar 1,500, ƙarfin da ke iya huda fatar mutum, kuma da yawansu sai an shigar da lambar sabon nozul cikin kwakwalwa. Waɗannan aikin ƙwararren makanike ne. Haka nan idan an sauya nozul amma lambar P0201 ko 'yan'uwanta ta dawo, laifin na waya ne ko na kwakwalwa, kuma mai gyaran wayoyin mota ne ya kamata ya karɓa.